Kuɗin Zuwan Mai Jaka

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman daji? Mu nan da sauƙi. Inna ƙafar ce dai har yanzu, in za ta tashi sai ta dafa bango, amma baki lafiya lau, ko jiya sai da ta wanke ni tas a kan na bar ƙofar kicin a buɗe. Ta ce in tambaye ka ko a madatsar ruwan da kuke ginawa an hana mutum tuna uwarsa ne. Na ce mata can babu sabis, wasiƙa ma sai direban motar kayan abincinku ya shigo gari. Ta ce ita ba ta san wani sabis ba, ta dai san ta haifi ɗa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san tun jinyar maigidana, Allah ya ji ƙansa, ban biya kuɗin wuta ba. Watannin nan da muka yi a asibiti wa yake ta takardar wuta? Bayan rasuwar kuma sai da na daɗe kafin in dawo hayyacina. Ban musa ba, mun sha wutar, bashi ne a kaina.

Shekaranjiya wani mutum ya yi sallama, dogo, siriri, da wata baƙar jaka da hannunta ya tsinke an ɗaure da igiya. Inna har ta raɗa masa suna Mai Jaka. Ya ce kamfanin wuta ya miƙa bashina ga wani kamfani mai bin bashi, shi kuma ma'aikacinsu ne. Na karɓi takardar na duba, sai na ga kuɗin ya yi ciki. A ƙarƙashin asalin bashin an ƙara wani layi, wai kuɗin bin bashi, ya kusa kashi ɗaya cikin uku na abin da na sha. Na ce, “Malam, wannan kuma na mene ne?” Ya ce, “Baiwar Allah, ni aiko ni aka yi.”

Ba sai na gaya maka abin da wuta take a gidan nan ba. Injin ƙyanƙyasar nan da marigayi ya saya da kuɗin sallamarsa, shi ne cinmu shi ne shanmu. Yana nan a ɗakinsa inda ya kafa shi. Matan unguwa na kawo ƙwansu, in yi wa kowanne alama da fensir, bayan mako uku su zo su kwashi 'yan tsakinsu su biya ni. In an ɗauke wuta batir yana riƙe shi rabin yini, bayan nan kuma ƙwai sun tashi daga aiki. Kuma ba nawa ba ne, amanar mutane ce.

Na sayar da babur ɗin marigayi, ga kuɗin ƙyanƙyasar da ta wuce. In na haɗa su za su biya komai har da ƙarin, sai dai ko sisi ba zai rage ba. Zuciyata ta fi kwanta wa in biya in huta. Amma kai ne mai karatun gidan, kai ne lauyanmu da ba a biya, shi ya sa na ce bari in ji ta bakinka tukuna.

Ka riƙa cin abinci. Hoton da ka aiko duk wuya ne.

Yayarka.

*

Yayata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai ɗan tarin da ƙurar siminti ke sa mu, kowa a sito haka yake. Ki gaya wa Inna ɗanta bai manta ta ba, wanda ya sha rankwashinta ai ba ya mantuwa. Ki riƙa gasa mata ƙafar da ruwan ɗumi kamar yadda likita ya ce, ko tana zagi.

Yaya, wallahi da na zo wurin ƙarin nan sai da na ture kwanon abincina. Wannan ai fashi ne da biro. Mace tana jinyar miji har ta rasa shi, maimakon a yi mata ta'aziyya sai a aiko mata da kuɗin bin bashi? Su suka ga dama suka ɗauko wani kamfani, su za su biya shi ladansa, ba ke ba. Ni ma nan in mai kawo mana kaya ya ƙara ko ƙusa ɗaya a takarda ba tare da yarjejeniya ba, mayar masa nake yi, kuma dole ya gyara. Kada ki ba su ko ƙwandala a kan ƙarin nan. Babur ɗin da mijinki ya hau shekara da shekaru ba zai tafi a aljihun 'yan kwashe ba.

Ki ɗauki asalin bashin cif, ki kai ofishin kamfanin wuta da kanki, ki karɓi rasit. Ga takardar ƙorafi nan na rubuta na haɗo miki, ki sa hannu ki miƙa, ki tabbata sun buga miki hatimi a kwafinki. A ciki na nemi su nuna inda marigayi ya taɓa amincewa da irin wannan caji. Ba za su iya ba, na sani. Ragowar kuɗin ki sayi abincin kaji, ki gyara kwanon ɗakin injin kafin ruwa ya sauka, ki sayo wa Inna maganinta.

Shi kuma Mai Jaka, kada ki yi faɗa da shi, na san ki in ranki ya ɓaci. Ki lallaɓa shi kawai har in samu hutu ƙarshen wata mai zuwa, ni zan zo in ji da su. Abu ɗaya dai, kada ki sa hannu a kowace takarda da ke cewa kin amince da ƙarin.

Ki kwantar da hankalinki. Mutanen nan da waɗanda ba su san haƙƙinsu ba suke cin abinci, da sun ga takarda mai kan gado za su ja da baya.

Batun wuya kuma, mai ɗaukar hoton ne bai iya ba.

Ƙanenki,
Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ya tarin? Ka daina raina shi, ka ɗaura ƙyalle a hanci. Inna ta ji saƙonka ta yi dariya har da tari, ta ce rankwashin ma bai isa ba. Ni ce dai ƙafafuna suka kumbura don yawo.

Na bi maganarka. Na je ofishin wuta na bi layi tun safe, da na isa gaban gilashi yarinyar ta danna kwamfuta ta ce, “Mama, wannan asusun ya bar hannunmu, sai can wurin masu bin bashi.” Na ce to ga kuɗinku na kawo. Ta ce ko ta karɓa babu inda za ta shigar da shi. Ka taɓa jin mai bin ka bashi ya ƙi karɓar kuɗi? Takardar ƙorafin dai ta karɓa, ta buga hatimin, ta jefa a wani kwali da ke ƙarƙashin teburinta. Kwalin a cike yake, Auta, har da ƙafa ta danna.

Na hau mota zuwa wancan ofishin, can ƙarshen gari a saman wani shagon tayoyi. Ɗaki ɗaya ne da fanka mai ƙara da mutum biyu. Na ce asalin bashin na kawo, ƙarin kuma ina da ƙorafi a kansa. Babban cikinsu ya ce, “Kuɗi nan ne, ƙorafi can ne.” Ya ƙirga ya ba ni rasit. Na ce ya rubuta cewa na asalin bashi ne. Ya ce rasit ɗinsu ba shi da wurin rubuta wannan. Na gaji, na karɓa na sauko.

Ragowar kuɗin na yi yadda ka ce. An gyara kwano, na sayi buhunan abincin kaji, maganin Inna na wata biyu yana nan a kan taga.

Batun Mai Jaka kuwa, ka sha kuruminka, na lallaɓa shi yadda ya kamata. Ashe mutumin kirki ne. Duk Laraba yana zuwa, in fito masa da benci a inuwar bakin ƙofa, in kawo masa ruwa mai sanyi. Inna ta jawo kujerarta su yi ta hira, har ta san 'yarsa na fama da ciwon kunne ta ba shi shawarar magani. In ya tambayi kuɗi sai in ce, “Ƙanena na nan zuwa, ka dawo Laraba.” Ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya ba. Ka san gidanmu, Baba bai taɓa ce wa mai bin sa bashi babu ba, kuma bai taɓa barin sa a tsaye a rana ba. Ruwa yake ba shi ya ce ya dawo, shi ya sa har ya bar duniya ba wanda ya taɓa yi masa tijara a ƙofar gida. Wani makon ma Mai Jaka ya zo ina kasuwa, kunya ta kama ni kada ya ce gudunsa nake, na aika aka ce masa ya dawo washegari ina nan.

Kafin ya tafi yakan ba ni wata 'yar takarda in sa hannu. Kada ka tashi hankalinka, na karanta ta sau biyu da tabarau. Ba ta ce na amince da komai ba, cewa kawai ta yi ya zo ya same ni a gida. Ya ce da ita yake nuna wa manyansa bai zauna a gindin bishiya ba. Ban ga dalilin da zan hana bawan Allah shaidar aikinsa ba.

Muna ƙirga kwanakin hutunka.

Yayarka.

*

Auta,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Direbanku bai shigo ba tun da ruwa ya sauka, wannan ma wani mai kai muku man fetur na roƙa. Inna kullum sai ta tambaya, na ƙare ƙaryar da zan yi mata. Jikinta da sauƙi. Ni ce ba na iya cin abinci.

Sabuwar takarda ta zo. Auta, bashin yana nan kusan yadda yake ranar farko, kamar ban kai ko sisi ba. Na zauna na duba har idona ya yi ruwa. Kuɗin da na kai sun rubuta shi, ba su ɓoye ba, amma sun fara cire nasu daga ciki. Ga kuɗin bin bashi, ga kuɗin takardar gargaɗi, sai kuma wani abu wai kuɗin zuwa, layi bayan layi har ya juya bayan takardar. Abin da ya rage shi suka zuba a asalin bashin, bai kai rabi ba.

Da Mai Jaka ya zo na nuna masa na ce, “Malam, zuwan wa ake nufi a nan?” Ya ajiye kofin ruwan, ya kama kallon takalminsa, ya ce ofis ne ke lissafi, shi bai san komai a kai ba. Akwai abin da zuciyata ke raya mini, ba na so in yarda da shi. Kai ka duba, na kwafe maka layukan a bayan wannan wasiƙar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jan rubutun da ke ƙasa. Sun ba ni mako biyu, in ban biya ba za su sa a yanke wuta. Ga shi na riga na cika injin maƙil kafin takardar ta zo, tire ko ɗaya babu sarari. Matar mai gyaran keke kaɗai ta kawo tire biyu, awakinta ta sayar ta sayi ƙwan kajin gona don ta samu kuɗin makarantar 'ya'yanta. Na haska su da tocila jiya, kusan duk sun kama, jijiyoyi ja sun fito. In lissafina daidai ne wa'adin zai cika saura 'yan kwanaki su fasa.

Na koma ofishin wuta a kan ƙorafin. Wata yarinyar daban na tarar, ta ce ana dubawa. Na leƙa ƙarƙashin teburin, kwalin yana nan, an ɗora masa wani a kai.

Kuɗin da zan biya da su a da sun zama kwano da abincin kaji. Ba ni da abin sayarwa kuma. Don Allah in kana da rai ka yi magana.

Yayarka.

*

Yaya,

Lafiyata ƙalau. Ruwa ne ya cinye gadar da ke tsakaninmu da titi, babu shiga babu fita, wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso hannuna. Na karanta ta farko ina dariyar Inna da maganin kunne, na buɗe ta biyu dariyar ta ɗauke.

Haba Yaya! Haba! Zuwan wa kuwa in ba nasa ba? Duk ranar da mutumin nan ya taka ƙofarki caji ne, 'yar takardar da kike sa wa hannu ita ce shaidar da suke ɗora kuɗin a kai. Ke kuma kina shimfiɗa masa benci kina ce masa ya dawo Laraba, har da aika masa ya dawo ranar da bai same ki ba! Cewa na yi ki lallaɓa shi, ban ce ki mayar da shi suruki ba. Nufina kada ki zage shi, ki ce masa magana tana ofis, ki rufe ƙofarki. Masu bin Baba bashi maƙwabtansa ne, tare suke zuwa jana'iza. Wannan kamfani ne, ba ya jin kunyar ruwan da kika ba shi. Ko yaro aka ba takarda ya sa hannu duk mako ai ya tambaya ta mece ce.

Ki yi haƙuri, raina ne a ɓace, ban ma san da wa nake faɗan ba.

Hutun da na sa rai an soke shi, ruwan ya yi ɓarna a wurin aiki an ce ba mai motsawa. Albashi ma bai shigo ba. Na je wurin manaja neman rance ya ce in bi layi, mutum nawa ne a gabana. Abin da ke cikin ambulan ɗin nan karo-karo ne abokan aikina suka yi mini, da kuɗin wayata da na sayar tunda ba ta da amfani a nan. Na san bai kai ba, ki kai musu a rage.

Ga kuma wata takardar, wannan zuwa hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin wuta. Ki kai da kanki. A iya sanina ba a yanke wa mutum wuta alhali ƙorafinsa na gaban hukuma ba a amsa ba. In masu tsanin yanke wuta sun zo ki nuna musu kwafinki mai hatimi, za su koma. Daga yau kuma kada ki ƙara sa hannu a komai, ko gaisuwa ce aka rubuta.

Ƙwan nan za su fasa da yardar Allah. Ki gaishe da Inna.

Auta.

*

Auta,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis. Ranar Talata suka yanke.

Da hantsi suka zo, mutum biyu da tsani a kan mota. Ina cikin ɗakin injin ina zuba ruwa a tiren ƙasa na ji ana kafa tsani a falwaya. Ban jira wasiƙarka ta koya mini ba, da gudu na fito da takardar mai hatimi, ko takalmi babu. Babban ya karɓa ya duba ya ce, “Mama, wannan wa kamfanin wuta kika rubuta, umarnin yankewa kuma daga masu bin bashi ya fito. A takardarmu babu ƙorafi.” Na ce su shigo su gani da idonsu, kwana uku kawai nake roƙo. Na durƙusa, Auta. Ni da ko a asibiti ban durƙusa wa kowa ba, na durƙusa a titi mutane na kallo. Ƙaramin ya kau da kai. Babban ya ce in ya koma bai yanke ba aikinsa ne zai tafi. Ya hau ya yanke, ya naɗe wayar ya tafi da ita.

Batir ya riƙe har la'asar. Na je wurin mai walda na gefenmu ko zai ja mini waya ta katanga, ya ce in aka kama shi shagonsa za a rufe, kuma gaskiyarsa ce. Na nemi hayar janareta, kuɗin da suka ce ko rabinsa ba ni da shi. Na dawo na kunna fitilun kananzir na jera a ƙasan injin, na cika gorori da ruwan zafi, na lulluɓe shi da duk bargon da ke gidan. Gefe ɗaya ya yi zafi da yawa, ɗayan ya huce. In na gyara nan can ya lalace.

'Yan tsakin sun riga sun fara kuka a cikin ɓawo. Kai ba ka taɓa ji ba, in sun kusa fitowa sai ka kara kunne ka ji suna tsiu-tsiu ƙasa-ƙasa, tire guda na amsa wa tire. Ranar Laraba da safe ina jin su. Da azahar sun ragu. Ranar da wasiƙarka ta zo na kara kunnena babu komai.

Inna kuwa ta kira ni. Ta sa na ɗebo mata ƙwai cikin tafin hannu, ta ƙulle su a zaninta a jikin cikinta, ta ƙi tashi daga kujera ko abinci sai a baki na ba ta. A cikin nata guda biyu suka fito. Su ke nan a injin gaba ɗaya.

Matan sun zo. Wasu sun ce Allah ya mayar da alheri. Matar mai gyaran keke ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Tsayawa ta yi tana kallon tirenta biyu da alamar da na yi mata da fensir, sannan ta ce, “Yanzu me zan ce wa babansu?” Ni na kwashe ƙwan na kai bola da hannuna, don sun fara wari.

Ka ce ko yaro ya san ya tambaya. Na gode. Ni dai lallaɓawar da na sani ke nan, ita na gani a gidan da aka haife mu ni da kai. Ranar da na fara rubuta maka kuɗin suna hannuna cif, ban ce laifinka ba ne, amma kada ka ƙara ce mini haba.

Takardar hukumar na kai. Kuɗinka ma na kai wa masu bin bashi, sun ba ni rasit.

Yayarka.

*

Yayata,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ya jikin Inna, ya naki?

Na karanta a bayan sito inda ba mai gani na. Ki yafe mini maganar da na faɗa, bakina ne ya fi hankalina sauri. Ke kika ce ki biya ki huta, ni na hana. Har yanzu ina ganin ƙarin nan zalunci ne, sai dai ni ina nan ina da gaskiya, ke kuma ke kika durƙusa a titi.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Na san halinki, za ki ce sai kin biya matan nan ƙwansu ko da me. Kada ki sayar da injin. Ki roƙe su su jira, an ce albashin wata biyu zai fito tare, gaba ɗaya naki ne. Hukumar ma za ta amsa. In aka cire kuɗin zuwan nan abin da ya rage kaɗan ne, a mayar da waya ki ci gaba. In injin ya tafi ban san ta inda za a fara ba.

Ki riƙe shi don Allah, ko don wanda ya saya.

Ƙanenki.

*

Auta,

Sallama. Inna lafiya, tana gaishe ka. 'Yan tsakin nata ɗaya ya mutu, ɗayan yana bin ta ko'ina, a ƙafarta yake kwana. Na yafe maka, dama ban riƙe ka ba. Kai ma ka yafe mini in na gasa maka magana.

Wasiƙarka ta makara. Na sayar da injin makon jiya, wani mai gidan gona ya saya a rabin kuɗinsa don ya ga ina cikin matsi. Ba zan iya haɗa hanya da matan nan ina sunkuyar da kai ba. An koro 'ya'yan matar mai gyaran keke daga makaranta, ina ganin su a ƙofar gida da safe. Na biya kowa kuɗin ƙwansa. Mutum huɗu suka ɗaga shi, sai da aka cire ƙyauren ɗakin kafin ya fita. Inda ya zauna simintin ya fi sauran fari. Na share na rufe ɗakin.

Hukumarka ta amsa, ga kwafin nan. Sun ce sun duba kokena da kyau. Sun soke kuɗin takardar gargaɗi, wai ba a aiko ta a kan ƙa'ida ba. Shi ne mafi ƙanƙanta a duk layukan, bai kai buhun abincin kaji ba. Kuɗin zuwa kuwa yana nan daram, tunda kowanne da sa hannuna, har wanda ni na aika aka kira shi. Kuɗin da abokanka suka tara can ya shige. Yanzu kuma an ƙara kuɗin yankewa, in ana so a mayar da waya shi ma da nasa. Kada ka ƙara rubuta wata takarda, Auta. Na gaji da hatimi.

Albashinka in ya fito ka sayi waya, ka biya abokanka. Mu fitila ta ishe mu, babu abin da ya rage a gidan nan da ke bukatar wuta. Na fara wankau a gidaje biyu.

Mai Jaka ya zo Laraba. Ban fito da benci ba, na tsaya a bakin ƙofa na riƙe ƙyaure. Ya miƙo 'yar takardar na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce ba komai, akwai wurin da ake rubuta an zo ta ƙi, kuɗin duk ɗaya ne. Na ce, “Tun ranar farko ka sani?” Ya ce, “Baiwar Allah, da yawan zuwan ake biyana.” Rana ta take, gumi na bin wuyansa, igiyar jakar ma ta sake tsinkewa ya rungume ta a ƙirji. Sai ga muryar Inna daga ciki, “Ke, wane irin abu ne wannan, baƙo a tsaye a rana? Ba shi ruwa mana.” Na ɗebo na ba shi. Ruwan ba sanyi yanzu da babu wuta, ya shanye duk da haka.

Ya miƙo mini kofin ya ce, “To, sai Laraba.”

Wallahi na shirya maganar da zan gaya masa tun mako guda, har a wurin wanki ina maimaita ta. Amma bakina ya riga ni. Na ce masa Allah ya kai mu.

Yayarka.